Ƙafar da Ba Takalmi

Shekarar da mutanen Mubi suka gudo daga yaƙi suka cika gidanmu a Jimeta, ina aji ɗaya a sakandare. Goggo, yayar babanmu, ta iso ita kaɗai, babu ɗanta. Kullum tana gindin dalbejiya tana ɗinka furanni a rigar matashin kai.

Wata la'asar na kai mata littafin makaranta, don ta ga hoton wani dogon ƙyalle da matan Turai suka ɗinka da hannu, na wani tsohon yaƙi a Ingila tsakanin Normawa da Saksonawa. Ni dawakai nake ta nuna mata. Ita kuwa ta ɗora farce can ƙasa, a bakin ƙyallen, inda gawarwaki suke kwance ana tuɓe musu riguna.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wadda ta ɗinka wannan da idonta ta gani. Dubi ƙafarsa, ba takalmi. Takalmi ake fara cirewa."

Ta miƙo mini littafin, ta koma kan allurarta.

Yanzu ni nake koyar da tarihi, na gaji da jero wa yara sunayen sarakunan da suka ci yaƙi. Har Goggo ta rasu ban tambaye ta ƙafar wa ta gani ba.