Rahoton Ƙofar Kwaya

Ramla tana jera gwangwanayen madara, tsofaffi a gaba, sababbi a baya, lokacin da manaja Jonathan ya kira su ofis.

Su uku ne ke koyon aikin manaja a babban kantin, wata tara ke nan. Da safe su jera kaya su goge kanta kamar kowane ma'aikaci, da yamma a koya masu yadda ake tafiyar da wuri. Kujerar mataimakin manaja ɗaya ce. Wanda bai samu ba, takardar shaida za a miƙa masa, a yi masa fatan alheri. Shekarar Ramla ashirin da tara, biyar daga ciki ta yi su tana neman aiki bayan bautar ƙasa.

"Mutanen Ƙofar Kwaya ba sa shigo mana," in ji Jonathan. "Ga mu a bakin titinsu, ga sanyi, ga haske, amma wucewa suke yi. Kowa ya rubuto mani dalili da magani. Shi ne jarrabawarku ta ƙarshe."

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wani shago ne mai ƙofa ɗaya a cikin unguwar, na wani dattijo, Malam Sammani, wanda ya fi shekara talatin a kan benci guda. Sauran biyun suka je, suka sayi biskit, suka leƙa farashi, suka rubuto cewa a rage kuɗin kaya. Ramla ba ta sayi komai ba.

Rahotonta shafi huɗu ne, kuma babu maganar farashi a ciki. A riƙa buɗe ƙaramar taga bayan sallar asuba, lokacin da ake neman kayan shayi kafin yara su tafi makaranta. A ƙulla sukari da madara ƙanana, domin mai albashi ma a ƙarshen wata ba ya iya ɗaukar gwangwani. Matan da ba sa fita su kira ta waya, a kai masu har zaure. Turare da sabulu su dawo kusa da ƙofa tun ranar Alhamis. In an yi rasuwa a unguwa, a aika da ruwan sha kafin kowa ya tambaya, kuma kada a rubuta sunan kanti a jiki, za a sani.

Jonathan ya karanta sau biyu, ya cire tabarau.

"Wannan ba daga littafinmu ba ne. Ina kika samo?"

"Tambaya na yi, oga."

Aka gwada. A watan farko mata suka fara kira. A na biyu aka yi rasuwa bayan masallaci, ruwan babban kanti ya riga na kowa isa. Ramla da kanta take tsayawa a tagar asuba, tana gaida mutane da sunayen 'ya'yansu, suna amsawa ba tare da sun haɗa ido da ita ba.

Kullum tana ganin shagon. Da farko Malam Sammani ya riƙa ware gwangwanaye nesa da juna don kanta ta yi kamar a cike take. Daga baya ya daina sayo madara. Sai ya rage burodi da ashana. Bai yi ƙorafi wurin kowa ba, har maƙwabta suna cewa dattijon ya ƙara fara'a.

Wata Litinin a wata na uku aka tara ma'aikata. Kujerar ta Ashraf ce, ɗan ƙanwar mai kanti, wanda rabin darussan bai halarta ba. Jonathan ya karanta sunan yana kallon takarda. Bayan an watse ya tsayar da Ramla, ya ce rahotonta ya zama tsarin kamfani, da shi za a buɗe reshen Kambarawa. In tana so, tana iya ci gaba da jera kaya a kan albashinta na da.

Ta karɓi takardar shaidar, ta yi godiya, ta ƙarasa jeren da ta fara.

Bayan la'asar ta shiga unguwar da ƙafa. Ƙofar shagon a buɗe take, ciki babu kaya. Malam Sammani yana ɓamɓare katakon kanta da guduma, wani kafinta ya saya. Da ya gan ta ya ajiye gudumar, ya goge hannu a riga.

"Sannu da aiki, manaja. Yaya gajiya? An faɗi sakamakon?"

Ta miƙa masa takardar. Ba ya karanta boko, sai ya tsura wa hatimin ido, yana murmushi.

"Ba kujerar ba ce," ta ce. "Wani aka ba."

Ya mayar mata da takardar. Sannan ya zauna a kan bencin, a hankali.

"To mi na manta ban faɗa maki ba, ɗiyata?" in ji mahaifin nata. "Ai duk abin da na sani na sa kin rubuta, ban rage ma kaina ko ɗaya ba."