Sambatun Gado na Tara

Karo na uku ke nan Clive Hatherley yana tarar da mahaifiyarsa cikin hawaye, kuma duk ukun nas ɗaya ce yake gani tana fitowa daga bayan labulen gadon.

Kwana goma sha ɗaya da mahaifiyar tasa, Doreen, ta yanke jiki ta faɗi a gidanta da ke Coventry. Ɓarin jikinta ya shanye, magana ta tafi. Matar da duk unguwa ta sani da Turanci tsaf kamar mai karanta labarai a rediyo, yanzu sai wasu sautuka take fitarwa daga maƙogwaro, ba kai ba gindi. Likita ya ce haka ciwon yake yi wa wasu, kada a sa rai da yawa.

Sunan nas ɗin Orla Devenney. Tana buɗe baki Clive ya san 'yar Ireland ce, kuma tun daga lokacin bai ƙara amsa gaisuwarta ba.

Yana da dalilinsa. Shekara goma sha biyu da suka wuce, a 1976, bam ya tashi da motar soja a Ireland ta Arewa, ƙanensa Neville yana ciki. Bai cika shekara ashirin ba. Ranar jana'iza Clive ya tsaya a falo ya tsine wa Ireland da duk wanda ya sha ruwanta. Mahaifiyarsa ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Tun daga ranar ko sunan ƙasar ba a ambata a gabanta, don kada a fama mata ciwo.

Hoton Neville da kayan soja yana nan a kan durowar gefen gadon. Duk wanda ya shigo sai ya gan shi.

Clive ya sami shugabar ɗakin, Sista Pritchard, a ofishinta.

"Likita ɗan Scotland, ke 'yar Wales, waccan 'yar Ireland. Wai a Ingila nake, ko an sayar da ita ban ji ba?"

"Ran da muka tattara muka koma gida, Mista Hatherley, kai za ka zo ka yi wa tsofaffin nan wanka," in ji Sista, ko kai ba ta ɗago ba. "Me ke tafe da kai?"

"Yarinyar nan tana gaya wa uwata wani abu. Ta ga hoton. Ta san uwar soja ce, ta kuma san ba ta da bakin kai ƙara."

Sai a nan Sista ta ajiye biro. "Wannan zargi ne mai raba mutum da aikinsa. Ka ji da kunnenka?"

Bai ji ba. Saboda haka washegari ya zo da tsakar rana, awa biyu kafin lokacin ziyara, ya bi bayan masu tura abinci ya shige. Labulen gado na tara a ja yake. Ya tsaya daf da shi, ya riƙe numfashi.

Muryar Orla ce, ƙasa-ƙasa, kuma ba Turanci take yi ba. Clive bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba, amma ya san sautin. Ya sha jin sa a talabijin, a bakin 'yan tawayen Ireland masu rufe fuska suna harbi sama a gefen kabari.

Tsohuwar ta fara shessheƙa.

Ya fizge labulen har ƙarfen ya yi ƙara. Orla na zaune a bakin gado, ta sunkuyar da kai kusa da kunnen Doreen. Ya damƙi hannunta ya miƙar da ita tsaye.

"Me kike gaya mata? Faɗa da Turanci in kin isa!"

Fuskar Orla ta yi fari fat.

Marasa lafiya suka ɗaɗɗago kai. Sista Pritchard ta iso da sauri, ta dubi hannun da ya riƙe, ta dubi tsohuwar da ke kuka.

"Devenney, da wane harshe kike yi wa majinyaciya magana?"

"Irish, Sista."

"Me kika ce mata?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"In ba ki faɗa ba, yanzu za ki tuɓe kayan aikin nan, kuma da hannuna zan rubuta takardar."

Orla ta dube ta. "To, ki rubuta."

A nan Doreen ta buga gefen gado da hannunta mai lafiya. Sambatun ya ɓarke mata da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba, ta kafe ɗanta da ido, ruwa na zuba ta gefen bakinta da ya karkace.

"Kin ga abin da kika mayar da ita?" in ji Clive. "Yi shiru, Mama, na zo. Ba za ta ƙara kusantarki ba."

Amma Orla ba shi take kallo ba. Tsohuwar take kallo. Ta yi mata wata gajeriyar tambaya, tsohuwar ta rufe ido ta gyaɗa kai.

Sannan Orla ta juyo, ta zare hannunta daga nasa a hankali.

"Alkawari ta sa na ɗaukar mata, yanzu kuma ta warware shi. Ba sambatu take ba, Mista Hatherley, Turancin ne kawai ciwon ya ɗauke, da Irish take magana. Ta ce ka cika ni. Ta ce sunan da uwarta ta raɗa mata shi ne Bríd Gallagher, a wani ƙauye na bakin teku a Donegal ta Ireland aka haife ta, kuma shekara goma sha biyu ke nan tana neman bakin da za ta gaya maka cewa ranar jana'izar nan har da ita ka tsine wa."