Nauyin Sitiyarin Baba

Karo na huɗu ke nan Zaharaddini ya fito daga ƙarƙashin bas ɗin mahaifinsa, baya duk ƙasa, bai gano komai ba.

Mako uku da suka wuce, mahaifin nasa, Malam Kamaruddeen, wanda ya shekara ashirin da shida yana jigila a hanyar Tsanyawa, ya kasa shan kwana, ya afka gonar gero da fasinja cike. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Ya ce sitiyari ne ya yi nauyi. Shugaban tasha ya yi masa uzurin kasuwa uku. In ta huɗu ta ci babu shi, a ba wani layinsa. Jibi ce ta huɗun.

Zaharaddini, da bai fi wata biyu da kammala karatun injiniyan motoci ba, cewa ya yi aikin yini ɗaya ne. Ya auna iskar tayoyi. Ya zubar da tsohon man sitiyari ya zuba sabo. Ya ɗaure bel ɗin famfo. Ya kwance sandar sitiyarin, ya wanke gaɓarta da fetur, ya cika ta da giris. Duk sanda ya gama, Baba kan hau kujera, ya ɗan taɓa, ya girgiza kai.

"Da saura."

"Baba, da yatsa ɗaya fa nake juya shi!"

"Ai babu kaya a ciki."

Ya aro buhun gero goma sha biyu ya loda, ya zagaya gari sau uku. Sitiyari sumul. Baba ya ƙi karɓar tuƙin, wai ya san motarsa.

Dole ya haɗiye girman kai ya kira Mika'ilu, tsohon bakaniken tasha.

"Injiniya, ashe ba a koya muku wannan ba a boko?"

Mika'ilu ya miƙa wa Baba hannu, Baba ya amsa da ka kawai, hannu cikin aljihun riga. Mika'ilu ya juya sitiyarin hagu da dama, ya daɗe yana kallon abokinsa, ya tattara sifanunsa ya tafi.

Abin da ya fi ƙona wa Zaharaddini rai ba motar ba ce. Tun ranar hatsarin Baba ya daina cin abinci tare da shi a zaure. A ɗaki yake ci, labule a sake. Jiya da ya roƙe shi ya miƙo sifana, sakin ta ya yi a ƙasa. To me ya rage? Ya aika ɗa makaranta shekara biyar, ɗan ya dawo ya kasa gyara sitiyari.

Da azahar ya sake ɗaga motar a jak, ya girgiza kowace taya, ya bi kowane noti. Lafiya ƙalau. Ya yi jifa da tsumma. Yau sai Baba ya faɗa masa a wace kwana ce, da wane gudu, ta wane ɓangare yake jin nauyin.

Ya ratsa tsakar gida da makulli a hannu. Ya yi sallama, bai jira amsa ba, ya ɗaga labule.

Mahaifiyarsa Inna Tahira ce durƙushe tana ba Baba tuwo a baki, hannunsa na dama yana kwance a kan cinyarsa, yatsu a lanƙwashe, kamar ba nasa ba.