Jan Katin Alhaji Barau

Tun da aka kawo na'urar gwajin yawu tashar mota, ba direban da ke taɓa sitiyari sai ya tofa a kwalba. Duk wanda aka ga ya gaji son shaye-shaye daga iyayensa, jan kati ne rabonsa, ko da bai taɓa kurɓar komai ba.

Uwani ce ke aiki a tagar gwajin. Shekara huɗu ke nan da ƙanenta Ilu ya sami jan kati, shugaban direbobi Alhaji Barau ya sa aka yi shelar sunansa a lasifika, wai don kare fasinjoji. Ilu da ko sigari ba ya sha ya rasa motarsa, ya faɗa shan maganin tari har ya mutu.

Bana aka ce har shugabanni sai an gwada. Alhaji ya tofa, kati ya fito ja.

Ya yi ƙasa da murya. "'Yata, sa min a ambulan, ki rufa min asiri."

"Alhaji, ai kai ka kafa dokar."

Ta jawo lasifikar, ta ƙure ƙararta. Sau uku aka kira sunan Ilu. Ta kira na Alhaji sau huɗu.