Manyan Ƙwai a Ƙarƙashin 'Yar Kaza

Kai dai Ɗanjuma akwai ka da tambaya. Tun da ka dawo daga kanti kake jujjuya kiret ɗin ƙwan nan, wai sai ka san abin da ya sa aka ware manya daban, ƙanana daban. Ban ga laifinka ba, ni ma haka nake. Amma ajiye shi kada ka fasa mana, ka ji labarin wani manomi da ya fi ka son sani.

Wata shekara ciwon kaji ya faɗa wa ƙauyensu ya share akurki kakaf, har zakaran da ke tashinsu da asuba bai tsira ba. Abin da ya rage wa matarsa kaza ɗaya ce tak, 'yar ƙarama mai wake-wake, irin da ta taho da shi daga ɗakin mahaifiyarta marigayiya. Kafin zakaran ya mutu kazar ta tara ƙwai a wata fasasshiyar tukunya bayan rumbu, ga ta kuwa ta fara kwanci. Ƙanana ne, duk sun yi dauɗa, amma matar ji take da su, don in ba su ƙyanƙyashe ba irin uwarta ya ƙare ke nan.

Ran nan manomin ya shiga birni sayen taki, ya leƙa wani kanti, ya ga ƙwai jere a kiret, tsaf-tsaf, kowane girma da layinsa. Ya tsaya ya saki baki. Ya tambayi mai kanti wa ke raba su, aka ce masa a gidan gona ake ɗora su a sikeli, nauyi ke kai kowane layinsa. Ya ce to me ke sa wani ya fi wani? Aka ce sabuwar kaza da ƙanana take farawa, sai ta manyanta ƙwanta ya cika hannu. Mai kanti har tocila ya ɗauko ya haska masa ɗaya, ya nuna masa yadda ake gane mai tsagu, da ɗan gurbin iskar da ke ciki: in ƙarami ne ƙwai sabo ne, in ya yi faɗi ya kwana biyu. Bawan Allah nan bai bar komai ba, har launin ɓawo da abincin kajin sai da ya tambaya. Daga nan ya zaɓi mafi girma da tsabta, yana ta murna a ransa cewa babban ƙwai ai babban ɗan tsako ne.

Da ya dawo gida ya faki ido matar ta tafi rijiya, ya ɗaga kazar tana saransa, ya kwashe ƙananan ya zuba mata manyan. Ƙananan kuwa ya soya su da albasa, suka ci tare, har tana sa masa albarka, a zatonta tsarabar birni ce. Washegari kazar ta fito kiwo, matar ta leƙa tukunya, ta ga ba ƙwanta ba ne. Ta ce, “Malam, ina nawa?” Ya ce ai su ne suka ci jiya, ta kwantar da hankalinta, 'yan tsakin da za ta gani sai an ɗauka agwagi ne. Ta koma ɗaki ta yi kukanta.

Lokacin ƙyanƙyasa ya zo ya wuce, shiru kake ji. Kaza ta ƙi tashi, ta ƙi ci, tana nan manne da ƙwai har tukunyar ta fara wari, duk sun zama baragurbi. Ita kanta ta ƙare sai gashi da ƙashi, dole aka sa mata wuƙa kada ta mutu mushe. Manomi ya koma kanti ransa a ɓace, ya ce an sayar masa da ƙwan banza. Mai kanti ya dube shi da tausayi ya ce, “Haba Malam, da ka ce min kwanci za ka sa. Ai kajin nan ba su taɓa ganin zakara ba. Ƙwan ci ne.”

Ka ji fa, ya yi tambaya kamar ya ƙure mai kanti, amma bai faɗi abin da zai yi da ƙwan ba, bai kuma tambayi mai kazar ba, ga ta tare da shi a gida ɗaya. Ni wannan ne ke ba ni haushi har yau. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.