Mai Gishirin da Yake Ba Soro Ruwa

Tunda ka ce hankalinka kwance yake saboda ka yi wa gidanka inshora tun shekarun baya, zauna in ba ka misali. Na ga ka ƙara gini a bayan gida, ban kuma ji ka ce ka koma ka shaida wa masu inshorar ba, ga shi hadari ya fara leƙowa ta gabas.

A wata unguwa ta gidajen ƙasa an yi wani mai sayar da gishiri. Mutanen unguwar suna da alkawari tun na kakanni: duk wanda damina ta kayar masa da ɗaki, kowa zai ajiye fartanya a yi masa gayya a tayar da shi. Sharaɗin ɗaya ne, sai ɗakin da sarkin magina ya zagaya ya gani da idonsa kafin ruwan fari, ya ce ya yi. Ba a so mutum ya yi ginin ganin dama sannan ya ɗora wa jama'a wahala ana tsakiyar noma. Yawancin mutane sau ɗaya ake duba musu gida, shi ke nan sun jingina da alkawarin har tsufa. Mai gishiri kuwa ba haka yake ba. Duk bazara, lokacin da rijiya ta ja baya ruwa ya yi tsada, sai ka gan shi ya hau soro da tulu yana tuttulawa, ya sunkuya yana bin ruwan da ido ya ga ina zai nufa, ina zai kwanta. Maƙwabta su yi ta dariya, suna tambayarsa ko gero zai shuka a can sama. Shi dai murmushi kawai yake yi. Ni kam mutumin yana burge ni, domin an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu da yawa sai ruwa ya ɗigo mana a ka muke sani.

Wata shekara da rani ya gina sabon ɗaki ya jibge buhunan gishirinsa a ciki, abin da ya mallaka ke nan a duniya, da shi yake ci da iyali. Ka kuwa san gishiri da ruwa ba sa ga maciji. Da ya hau ya zuba tulunsa, sai ya ga indararon sabon ɗakin yana watsa ruwa a gindin bangonsa. Ya sauko ya tafi takanas ya kira sarkin magina. Dattijon ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango da sandarsa, ya ce, "Gidan da muka sani shi muka ɗaukar wa alkawari. Wannan ɗakin baƙo ne. Juya indararon, ka sake yaɓe, in dawo." Mai gishiri bai yi musu ba, bai ce ai shi ɗan unguwa ne ba. Ya gyara, dattijon ya dawo ya gani, ya faɗa a ƙofar masallaci kowa ya ji cewa ɗakin gishiri ya shiga gayya. Maƙwabcinsa na jikin katanga shi ma ya yi sabon ɗaki a ranin nan ya zuba hatsi. Mai gishiri ya ce masa ya tsayar da dattijon tun yana kusa. Mutumin ya ce haba, gidansu tun zamanin ubansa yana cikin alkawari, wa zai ƙi zuwa?

Ruwan bai zo da wasa ba. Wata rana da la'asar iska ta taso kamar za ta ɗauke gari, ta karya reshen darbejiya ta maka shi a kan ɗakunan nan biyu. Duk tulun da mai gishiri ya zuba bai hana reshe faɗowa ba, wannan ikon Allah ne. Rabin rufinsa ya rufta, buhuna suna kallon sama, ga wani hadarin yana sake haɗuwa. Amma bai kai ga buɗe baki ba sai ga mutane da zana da azara da igiya, ba wanda ya tsaya tambaya, domin kowa ya ji da kunnensa cewa ɗakin yana cikin gayya. Kafin ruwa na biyu ya sauko an rufe gishiri ruf, washegari aka kwaɓa ƙasa. Maƙwabcin kuwa ya ruga gidan sarkin magina yana haki, wai ya zo yanzu-yanzu ya duba masa ɗaki a sa shi cikin gayya. Dattijon ya ce, "Me zan duba, tarin ƙasa?" An tausaya masa, an taya shi kwashe abin da ya kwasu, amma tayar da gini sai da ya jira kaka, hatsin kuma da yawa ya jiƙe ya yi tsiro a cikin buhu.

To, kai ma gidan da ka nuna musu a wancan lokaci ba shi ne gidan da kake ciki yau ba. Tashi ka je tun sama tana fari, ka nuna abin da ka ƙara, ka tambayi abin da suka ɗauka da abin da ba su ɗauka ba, ko iska tana ciki, ko ambaliya tana ciki. Ka yi irin ta mai gishiri, a yi maka dariya a bazara ba komai. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.