Tulun Baya Ba Mai

Ku yaran yanzu, hannunku na kan aiki, hankalinku na tsallaken titi, in an yi magana kuma ku ce tsohuwa ta fara. To, ku buɗe kunne.

Akwai wani bakanike, jikan maƙwabciyata, da ake kira Yanzu-yanzu, don duk aikin da aka kawo masa amsarsa ke nan. Hannu kam yana da shi. Zama wuri ɗaya ne bai iya ba.

Wata safiya abokin marigayi babansa, wani mai kiwon kaji, ya kawo masa a-kori-kura. Tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, inda haƙoran giya suke, shi ke ɗigar da mai.

"Ita ke nan gare ni," in ji Mai Kaji. "Ita ke ɗauko abincin kaji, ita ke kai ƙwai. In ban samu dawowa ba, zan aiko a ɗauka."

"Yanzu-yanzu, Baba."

"Ban ce yanzu-yanzu ba. Na ce da kyau."

Ya hau da ita kan rami, ya kwance notunan murfin, tsohon mai ya tsiyaye baƙi ƙirin, yana wari. Ya kankare tsohon gam, ya wanke bakin da fetur, ya zagaya shi da sabo, ya mayar da murfin ya ɗaure. Har nan ban ga laifinsa ba.

Sai dai gam ba a zuba masa mai sai ya sha iska. Jiran nan ne ya gagare shi. Ya bar makulli a jikin mota, ya tsallaka shagon mai aski inda ake kallon ƙwallo.

Da ya dawo, rami wayam. Galan ɗin sabon mai na tsaye a gefe, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Ina motar?" ya tambayi mai facin taya da ke kusa da shi.

"Wani ya zo ya ja ta. Na ɗauka kun gama."

"Ina ya nufa?"

"Ni maigadinka ne? Hanyar gangare ya bi."

Haƙoran da ba mai, gudu kaɗan za su yi su ɗau zafi, su cinye juna, tayoyin baya su ƙulle. In a gangaren nan abin ya faru, ba mota kaɗai za a rasa ba. Ya ciro waya zai kira Mai Kaji, ya tsaya. Me zai ce? Baba, na tafi kallon ƙwallo? Ya mayar da ita aljihu, ya ɗaure galan a bayan babur, ya ɗauki sifana da tiyo, ya ba shi wuta.

Bayan gidan mai na ƙarshe ya hango ta. Ya danna hon, ya ɗaga hannu. Motar ta ƙara gudu. Da ya matso, ya ji bayanta na wani siririn kuka kamar ana wasa wuƙa. Gangaren na gabansu. Ya rufe ido ya sha gabanta, ya gicciye babur a titi. Saura ƙiris ta bi ta kansa.

Direban wani mutum ne mai tsabtar kaya, goshinsa sharkaf da gumi. Bai kashe inji ba, hannunsa ɗaya na ƙarƙashin kujera.

"Yallaɓai, don girman Allah kashe ta! Babu mai a baya, ko ɗigo!"

Mutumin ya kashe inji.

"Kai ne Baba ya aiko, ko?" in ji Yanzu-yanzu.

"Ni ne," in ji mutumin, ya zaro hannunsa a hankali.

Yanzu-yanzu ya kwanta a ƙasa, ya kwance toshin gefe. Ƙarfen ya ƙone masa yatsu, bai ko ji ba. Ya sa tiyo yana ɗura mai har ya leƙo bakin ramin, ya toshe, ya shafa kewayen murfin. Gam ya riƙe. Shi kuwa direban yana tsaye, idonsa na kan hanyar da suka fito.

"Yi sauri, ɗan'uwa, ana jira na."

"An gama. Ka bi ta a hankali har ta huce." Ya durƙusa. "Kuma don Allah, kar ka gaya masa."

"Ba zai taɓa ji daga bakina ba."

Har tsayar da motoci Yanzu-yanzu ya yi masa don ya hau titi, yana ɗaga masa hannu. Ya koma gareji yana fito, yana gode wa Allah da ya rufa masa asiri.

Mai Kaji na zaune a kan benci, ya kalli ramin, ya kalle shi.

"Ɗana, ina ka kai ta? Fito min da ita, ƙwai na jira."

Da garejin da babur ɗin duk sun tafi a biyan motar, don mutumin da ya bi ya ɗura wa mai, ya durƙusa ya roƙa, ɓarawo ne.